Keola Beamer da Jitar Hawai: Me Ke Saura Idan An Gauraya Kiɗan Gado da Na Duniya?

Wani ɗan'uwa mai kaɗa jita ya yi tambaya kamar haka: ya ci karo da wani makaɗi ɗan tsibiran Hawai mai suna Keola Beamer yana kiɗa tare da mai busa sarewa daga ƙabilun asali na Amurka da kuma mai fiyano na jaz, kuma an gaya masa wai wannan mutum jigo ne a kiɗan gargajiyar Hawai. Shi ne yake cewa, wace irin gargajiya ce ke da jita da fiyano? In an cakuɗa haka, me ya rage na Hawai a ciki?

Malam, abin da ya rage yana da yawa, sai dai ba a jikin kayan kiɗan za ka neme shi ba. Yana cikin yadda ake ɗaure tsirkiyar jitar, da aikin da babban yatsa ke yi, da harshen da ake rera waƙar, da wata 'yar gaɓa da ake bari tsakanin baiti da baiti domin mai rawa. Beamer ya kama waɗannan da hannu biyu tun yana saurayi, shi ya sa da ya fita yawon duniya da jitarsa ba ta ɓace masa ba. Amma kafin mu zo kansa, dole mu warware batun jitar kanta, don a nan tambayarka ta fi ƙarfi.

Kana da gaskiya cewa jita baƙuwa ce a Hawai. Kafin zuwan Turawa, kiɗan mutanen tsibiran murya ce da ganga. Akwai oli, wato rera baitoci ba rawa, akwai kuma waƙar da ake yi wa rawar hula. Kayan kiɗansu su ne pahu, doguwar ganga da ake rufewa da fatar kifin shak, da ipu, gora da ake bugawa da tafin hannu ana dangwara ta a ƙasa, da 'yan duwatsu masu sulɓi da mai rawa ke kaɗawa a tsakanin yatsu, da wata sarewar gora da ake busawa da hanci. Kayan kiɗa mai tsirkiya iri ɗaya tak suke da shi, ɗan ƙaramin baka da ake karawa a baki. Duk sauran abin da duniya ke kira kiɗan Hawai a yau, a cikin ƙarni na 19 ya shigo ta jirgin ruwa. 'Yan mishan sun iso a 1820 da waƙoƙin coci, su suka kawo rera waƙa da muryoyi daban-daban a jere. A 1793 wani kyaftin ɗin Ingila, George Vancouver, ya kawo wa Sarki Kamehameha na ɗaya kyautar shanu. Sarki ya hana a taɓa su, suka hayayyafa har suka zama fitina ga gonaki, sai a wajejen 1832 aka ɗauko kaboyi daga yankin Meziko da Kalifoniya don su koya wa mutane kiwo bisa doki. Labarin da makaɗan Hawai ke gada shi ne, waɗannan makiyaya su ne suka zo da jita, da suka tafi suka bar ta. A 1879 kuma jirgin Ravenscrag ya sauke ma'aikata daga tsibirin Madeira na Fotugal, cikinsu da masassaƙa uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo. Daga 'yar ƙaramar jitar garinsu aka samu ukulele. Har ƙungiyar badujala ta fada, wani Bajamushe ne, Henri Berger, ya zo a 1872 ya jagorance ta shekara da shekaru.

Ka ga ke nan, kiɗan da Sarki Kalākaua da ƙanwarsa Sarauniya Lili'uokalani suka ɗaukaka a fadarsu, tun a lokacin ya riga ya sha gauraya. Wanda ya ce wa Beamer ya koma asali, sai a tambaye shi wane asalin: na 1780 ko na 1880?

Yanzu mu matso kusa da jitar, tunda kai ma'abocinta ne. Salon da Beamer ya shahara da shi ana kiransa kī hō'alu, kuma tushensa sassauta tsirkiya. Jitar da ka saba da ita ana ɗaure ta E-A-D-G-B-E, wato sunayen muryoyin tsirkiyoyinta shida, daga mai kauri zuwa siririya. In ka sharɓe su duka ba tare da ka danna komai ba, amon ba ya zama wuri ɗaya. Makaɗin Hawai sai ya murɗe uku daga ciki ƙasa: ta shida daga E zuwa D, ta biyar daga A zuwa G, ta ɗaya daga E zuwa D. Sai ta koma D-G-D-G-B-D. Yanzu sharɓa ɗaya, ba ka sa hannun hagu ba, jitar ta ba ka cikakken amo na G. Wannan shi ne ɗaurin da ya fi yaɗuwa. Amfaninsa shi ne babban yatsan hannun dama yana samun tsirkiyoyi masu kauri a sake, yana tafiya tsakaninsu, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ba tsayawa, yayin da manuniya da ta tsakiya ke zana karin waƙar a kan siraran. Mutum ɗaya ne, amma kunne na jin kamar biyu. Hannun hagu kuwa, da yake an rage masa aiki, sai ya samu sararin yin ado: ya zame daga wannan gaɓa ta wuyan jitar zuwa waccan, ya daki tsirkiya da yatsa ya ɗage da sauri, ya ɗan taɓa ta a kan gaɓa ta 12 ta yi ƙara kamar ƙararrawa. Da yawa daga cikin wannan adon kwaikwayon muryar mawaƙan Hawai ne, musamman inda murya ke karyewa daga ƙirji ta haura sama.

Akwai wani dangin ɗauri da ake kira wahine, wanda ni a wurina ya fi daɗin sha'ani. A ɗauki ɗaurin da na faɗa a sama, a ƙara sassauta tsirkiya ta uku da gaɓa ɗaya tak. Yanzu in ka sharɓa, amon yana rataye, yana neman wurin sauka. Ka danna gaɓar farko da yatsa ɗaya, ya sauka gida. Ka ɗage, ya sake ratayewa. Wannan kai da komowa na yatsa ɗaya shi ne numfashin tsofaffin waƙoƙi masu yawa, kuma Alice Nāmakelua, dattijuwar da ta yi wa Sarauniya Lili'uokalani waƙa tana yarinya, da irin wannan ɗaurin aka san ta.

Bari in ɗan ratse, don mutane da yawa a nan suna rikita wannan salo da wani. Kukan jita mai zamewa da ake ji a tsofaffin waƙoƙin fina-finan Indiya, wanda masu kallo a Kano da Zinder suka taso da shi, shi ma daga Hawai ya fito, amma wani reshe ne daban. Shi wannan ana kwantar da jitar a cinya ne a riƙa zamar da ƙarfe a kan tsirkiya. Joseph Kekuku, ɗan garin Lā'ie, shi ake jingina wa ƙirƙirarsa a wajejen 1889. Bayan baje kolin San Francisco na 1915 salon ya bazu kamar wutar daji. Wani makaɗin salon, Tau Moe, da iyalinsa sun bar Hawai a 1928, sun daɗe a Indiya suna wasa, ba su koma gida ba sai bayan fiye da shekara 50. Indiyawa suka ɗauki abin suka shigar da shi kiɗansu na gado na raga, har Vishwa Mohan Bhatt ya ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a 1994 tare da mai jita ɗan Amurka Ry Cooder. A Kwango, Dakta Nico ya yi suna da shi. A Najeriya, Demola Adepoju ya shigar da jikan wannan jita cikin kiɗan juju na King Sunny Adé a ƙarshen shekarun 1970. Wato reshen ƙarfe ya zaga duniya tun tuni. Reshen sassauta tsirkiya kuwa ya zauna a gida, a bayan ɗaki da wurin biki, har sai da fitaccen makaɗin salon, Gabby Pahinui, ya sa shi a faifai a 1946.

A cikin wannan al'ada, a gidan mawaƙa, aka haifi Keola Beamer a 1951, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kakar mahaifiyarsa, Helen Desha Beamer ta garin Hilo, tana cikin manyan marubuta waƙoƙin Hawai. Mahaifiyarsa, Nona Beamer, ita ce yarinyar da makarantar Kamehameha ta kora a 1937 saboda ta yi rawar hula a tsaye, alhali makarantar don 'ya'yan 'yan asalin Hawai aka kafa ta. An maido ta, ta gama, daga baya ta dawo ta koyar da al'adun Hawai a makarantar kusan shekara 40. Sai ka fahimci zamanin: an kifar da sarautar Hawai a 1893, dokar 1896 ta mai da Ingilishi harshen koyarwa, Amurka ta haɗe tsibiran a 1898. Lokacin da Keola ke tasowa a Waimea, ƙasar shanu da ke gindin dutsen Mauna Kea, masu jin harshen Hawai da kyau yawancinsu tsofaffi ne, kuma abin da ake sayar wa baƙi a otal-otal na Waikīkī waƙoƙin Ingilishi ne da aka yayyafa wa kalmar Hawai ɗaya ko biyu.

A 1972, yana ɗan shekara 21, ya fitar da faifansa na farko, na jitar sassauci a tsohon salo. A shekarar da ta biyo baya ya yi abin da nake ganin ya fi duk wata gauraya da ya yi daga baya girgiza al'ada: ya wallafa littafin koyon salon, wanda ake ɗauka shi ne na farko. Ya ari hanyar rubutun da masu kaɗa molon Turai na ƙarni na 16 ke amfani da ita, inda layi shida ke wakiltar tsirkiya shida, lamba kuma ke nuna gaɓar da za a danna, ya zuba ɗaure-ɗaure da waƙoƙi a takarda.

Don ka ji nauyin wannan, sai ka san ɗaurin tsirkiya sirrin gida ne a wancan zamani. Makaɗan suna ba da labarin dattawan da in baƙo ya matso sai su juya masa baya, ko kuma in sun ajiye jita sai su warware ɗaurin don kada wani ya ɗauka ya gane. Yaro ba a zaunar da shi a yi masa darasi. Ya zauna, ya yi shiru, ya kalli hannu, ya saurara. Mu ma mun san irin wannan a gidajen makaɗan fada, inda take da salon bugu ke bin jini daga uba zuwa ɗa, bare kuwa sai dai ya ji daga nesa. Hanyar tana da kyau muddin akwai ɗan da zai zauna. In 'ya'ya suka tafi aikin otal da barikin soja, suna sauraron kiɗan Amurka a rediyo, to dattijo zai tafi kabari da ɗaurinsa. Hakan ya faru, kuma ba wanda zai iya ƙirga abin da aka rasa. Saurayi ɗan babban gida ya ɗauki abin da ake ɓoyewa ya sa a kanti, kowa ya saya, ɗan gida da bare. Akwai hasara a ciki, ban musa ba. Takarda ba ta ɗaukar lanƙwasar lokaci, ba ta nuna inda dattijo ke ɗan jinkirta yatsa. Wanda ya koya daga littafi kaɗai yakan fito a tsare, amma a sandare. Duk da haka, a ganina ya yi daidai. Kuma wannan ya zo a daidai lokacin farfaɗowar al'adun Hawai: gasar hula ta bikin Merrie Monarch ta fara a 1971, kwalekwalen Hōkūle'a ya kai Tahiti a 1976 ba tare da na'urar nuna hanya ba, a 1978 kuma aka mai da harshen Hawai harshen hukuma a jihar tare da Ingilishi.

Shekarun da Beamer ya yi yana kiɗa da ƙanensa Kapono ba sai na daɗe a kansu ba. Faifansu na 1978, Honolulu City Lights, kiɗan zamani ne na rediyo, da Ingilishi da gogen Turai a bayansa, yana cikin waɗanda suka fi kasuwa a tarihin tsibiran, har ƙungiyar Carpenters ta Amurka ta sake rera waƙar. Ya ba su suna da abin rufin asiri. A farkon shekarun 1980 kowa ya kama gabansa.

Kashi na biyu na rayuwar kiɗansa ya soma ne da George Winston, mai fiyano ɗan Amurka da ya kamu da son wannan jita ya sa kamfaninsa na Dancing Cat ɗaukar dattawan salon ɗaya bayan ɗaya, irin su Raymond Kāne da Sonny Chillingworth da Leonard Kwan da Ledward Kaapana. Faifan Beamer na farko a can ya fito a 1994. A nan ne salonsa na kansa ya fito fili, kuma akwai wata dabara a ciki da za ta amsa rabin tambayarka. Akwai ɗaurin da ya yi amfani da shi har makaɗa suka laƙaba masa sunansa: C-G-D-G-B-E. Duba da kyau. Tsirkiyoyi huɗu na sama, D-G-B-E, suna nan yadda suke a jitar kowa. Biyu masu kauri kaɗai aka sauke, ta shida har gaɓa huɗu, ta biyar gaɓa biyu. Ma'ana, babban yatsa yana Hawai, yana da C da G a sake yana tafiyarsa ta gado, tsirkiya ta biyu kuma tana ba da wannan ratayar ta wahine, amma sauran yatsu suna kan filin da duk wani mai jita a duniya ya sani. Karin waƙa daga Sifen ko Faransa ko Ajantina zai iya hawa sama ba tare da an taɓa ƙasan ba. Shi ya sa a 2006 ya iya fitar da faifai ɗauke da kiɗan marubutan Turai irin su Erik Satie, kuma duk wanda ya san salon ya ji daga bugun farko ya san hannun wane ne. Ya kuma saba ɗora jita a kan jita a ɗakin ɗaukar sauti, kowace da ɗaurinta. Jitar da aka fi ganinsa da ita ma daban take: maimakon rami ɗaya a tsakiya, ƙananan ramuka biyu ne a gefen wuya, abin da ke bar wa allon gaba fili mai faɗi ya yi rawa, amo mai kauri ya fito sosai. Steve Grimes, masassaƙin jita a tsibirin Maui, yana ƙera irinta da sunan Beamer.

Ka lura da wani abu: a daidai lokacin da yake miƙa hannu waje, yana kuma haƙa baya. Shi ne ya riƙa shigar da sarewar hanci da gora da duwatsu da oli cikin kiɗan jita, abubuwan da suka girmi jitar da ɗaruruwan shekaru. Matarsa Moanalani, malamar hula, tana rawa tana kaɗa waɗannan kaya a wasanninsa. Masu yi masa kallon ɗan gauraya sukan manta wannan ɓangaren.

To mai sarewar da ka gani shi ne R. Carlos Nakai, ɗan ƙabilun Navajo da Ute daga jihar Arizona. Sun yi faifai tare a 2005. Nakai ma ba sarewa ya fara da ita ba, kakakin Turawa ya koya, sai da hatsari ya taɓa masa baki ya koma sarewar itace, ya zama wanda ya fi kowa fito da ita duniya. Wannan haɗi shi ne mafi sauƙi a cikin duk waɗanda Beamer ya yi, kuma akwai dalili na sana'a. Sarewar Nakai bisa muryoyi biyar aka gina ta. Waɗannan muryoyi biyar ɗin, in ka canza wacce ka ɗauka a matsayin gida, su ne dai ke zaune cikin ma'aunin da jitar Hawai ke tafiya a kai. Sarewa na iya kukanta mai sanyin jiki, jita na ƙasa tana murmushi, ba wanda ya taka wani. Ga shi duka biyun ba sa gaggawa, numfashi ne ke yanka musu jimla. Sarewar hanci, da 'yan ramukanta biyu ko uku, sai ta zama kamar ƙanwa a tsakani. A al'adun biyu ma, an san sarewar da zancen samari da 'yan mata. Bayan sauti kuma akwai tarihi: mutane biyu daga al'ummomin da ƙasa guda ta mamaye wa filaye ta kuma danne musu harshe a makaranta.

Mai fiyanon shi ne Geoffrey Keezer, wanda ya shiga ƙungiyar fitaccen mai gangar jaz Art Blakey yana ɗan shekara 18. Wannan haɗin ya fi wuya nesa ba kusa ba. Jaz yana son yawo, cikin layi ɗaya zai iya sauya mazauni sau uku. Jitar sassauci kuwa an ɗaure ta a mazauni guda, ƙarfinta yana cikin tsirkiyoyin da aka bari a sake suna amsawa. In ta bi fiyano yawo, sai a danne tsirkiyoyin duka, amsawar ta mutu, ta koma jita kamar ta kowa. Saboda haka dole wani ya sassauto, kuma in ka saurara za ka ji Keezer ne ke yin hakan: yana rage yatsun hannun hagu don kada ya hau kan babban yatsan Beamer, yana zuba launinsa a sama, yana jiran inda jita ta yi shiru. Ni wannan ita ce tambayar da nake yi wa duk wani kiɗan gauraya, daga kowace ƙasa: wa ya matsa wa wani? In kullum ɗan gargajiya ne ke gyara ɗaurinsa da bugunsa don ya shiga tsarin baƙo, to an mai da shi kayan ado. A ayyukan Beamer, baƙon ne ke cire takalmi a bakin ƙofa.

A 2010 ya yi faifai da Raiatea Helm, matashiya daga tsibirin Moloka'i mai rera tsohon salon siririyar murya. A ciki suka ɗauki wata sananniyar waƙar John Lennon suka rera ta da harshen Hawai haɗe da oli. Ga inda harshe ke aikinsa. Harshen Hawai baƙaƙensa takwas ne kacal, kuma kowace gaɓa da wasali take ƙarewa. Duk karin da aka zuba cikinsa dole ya miƙe, ya yi laushi, wasula su ja shi. Waƙoƙin gado kuma suna da ƙa'idodinsu: ana ambaton wuri da sunansa, da sunan iskar wurin da ruwan samansa, ana ɓoye ma'ana ta biyu a ƙarƙashin zancen fure ko tsuntsu, baitin ƙarshe kuma yana sanar da cewa ga abin da waƙar ta ƙunsa. Tsakanin baitoci akwai wannan 'yar gajeriyar juyawa da jita ke yi, wadda ke ba mai hula damar taka ƙafa gefe ta dawo kafin sabon baiti. In ka iya gane wannan juyawar, za ka riƙa tsintar ta a kiɗan Beamer ko da fiyano da sarewa sun kewaye shi.

Kwatanta da abin da ya fi cika rediyon tsibiran tun shekarun 1980, wato haɗin rege da ake kira Jawaiian. Bob Marley ya yi wasa a Hawai a 1979, matasa suka rungumi kiɗan Jamaika, kuma ba abin mamaki ba ne, tsibiri ne ya ji kukan tsibiri. Amma a nan an ɗauko ƙashin bayan baƙo ne gaba ɗaya: bugun rege, da Ingilishi, wani lokaci har da kwaikwayon lafazin Jamaika. Ba na raina shi, kiɗan mutanen wurin ne kuma da shi suke biki. Sai dai tsohuwar hula ba ta hawa kansa, abin da dattawa suka daɗe suna ƙorafi a kai ke nan.

Kada kuma in bar ka da zaton komai na Beamer ya gamsar da ni. Salonsa yana da tarko. Da yake a hankali yake, mai tsabta, mai yawan amsa-kuwwa, wasu ayyukansa na haɗin gwiwa suna gangarawa kusa da kiɗan da ake sakawa a ɗakin tausa na otal. Saurari Gabby Pahinui bayan ka saurare shi, za ka ji bambanci: muryar Gabby a dushe take, kiɗansa na bayan gida ne da dariya da hayaniyar abokai, wani lokaci tsirkiya ta yi gardama a bar ta haka. Wannan ƙurar tana cikin gadon, kuma a wurin Beamer an share da yawa daga cikinta. Kasuwar waje ta fi son Hawai mai kwantar da hankali fiye da Hawai mai fushi kan filaye, kuma duk makaɗin da ke rayuwa da yawon wasa a manyan biranen Amurka da Japan yana jin wannan jan.

Rigimar Grammy ta nuna haka a fili. An buɗe rukunin kiɗan Hawai a 2005, aka rufe bayan 2011. A cikin shekaru bakwai ɗin, sau biyar tarin kiɗan jitar sassauci ne ya lashe, kuma Daniel Ho, ɗan Hawai mazaunin Los Angeles, yana da hannu a shida. Mawaƙan tsibiran da dama suka yi ƙorafin cewa masu jefa ƙuri'a a can babban yankin Amurka ba sa jin harshen, jita kawai suka sani. Wato salon da aka ji tsoron zai mutu a 1970 ya zama shi ne ke shan gaban waƙar baka a idon duniya. Daga 2012 aka cusa Hawai cikin rukuni guda da wasu kaɗe-kaɗen yankuna. A 2013 faifan Beamer na shirin talabijin da ya haɗa shi da Nakai da Keezer da Helm ya shiga takara a wannan rukunin, tare da wata mawaƙiyar Navajo da makaɗan jihar Louisiana. 'Yan Louisiana suka ɗauka. A gida, lambobin Nā Hōkū Hanohano da aka fara bayarwa a 1978 su ne ma'aunin da makaɗan ke dubawa, kuma Beamer ya tara su da dama.

Tun farkon shekarun 2000 shi da iyalinsa suke shirya zangon koyarwa na mako guda, inda ɗalibai daga ƙasashe daban-daban ke zuwa. Ba jita kaɗai ake koyarwa ba, har da ukulele da hula da oli da harshe, kuma mahaifiyarsa tana cikin malaman har zuwa ƙarshen rayuwarta a 2008. Ɗalibin da ya zo neman ɗaurin tsirkiya sai ya tarar an zaunar da shi yana koyon furta sunan dutse da na iska kafin a bar shi ya rera baiti.

In kana son gwadawa a jitarka, fara da D-G-D-G-B-D, ka yi mako kana tafiyar da babban yatsa kaɗai tsakanin ta biyar da ta huɗu, kana saukowa ta shida jefi-jefi, har sai ya daina jiran umarninka, sannan ka ƙara manuniya. Kullum daga ɗaurin E-A-D-G-B-E za ka fara ka murɗa ƙasa, kada ka ja sama ka wuce shi. In ka zo ɗaurin Beamer, tsirkiya ta shida za ta yi laƙwas a kan C ta riƙa zuzu a jikin gaɓoɓi, musamman in siraran tsirkiyoyi ne a jitar. Ka sa mai kauri a wurin, ka kuma rage ƙarfin bugu. Bayan ka sauke biyun nan, sake duba sauran huɗun, don wuyan jita yana ɗan sakewa idan nauyi ya ragu, su ma sai su motsa.